Hutu ko tafiya: abin da ke hana likita tura mai ciwon huhu horon numfashi

Ƙanwar mahaifiyata, wadda duk gidanmu ke kira Inna, ta shekara fiye da talatin tana tuyar ƙosai da waina a bakin hanya a Tawa, fuskarta bisa murhun itace tun kafin kiran assalatu har hantsi. Ba ta taɓa sa taba a baki ba, ko ta gari. Da tari ya ƙi ƙarewa, haki kuma ya fara tsayar da ita tsakanin ɗaki da makewayi, muka ɗauko ta zuwa Yamai. An yi awon kaki sau biyu, babu tibi. An ɗauki hoton ƙirji. Likitan mutum ne mai haƙuri, ya saurare ta, ya rubuta ordonansi mai layi huɗu, sannan ya ce: "Inna, ki bar wuta, ki huta, kada ki wahalar da kanki." Muka riƙe maganar da hannu biyu. Jikoki suka karɓe mata tsintsiya, suka karɓe buta, ko tabarma ba a bari ta shimfiɗa da kanta. Kafin wata shida ta koma salla a zaune.

Sai bayan an kwana biyu wani abokina likita, wanda muke shan shayi a fada ɗaya a unguwar Lazare, ya ji labarin ya girgiza kai. Ya ce barin hayaƙin daidai ne, hutun ne ya cinye ta. Na ce to me ya hana ɗan'uwanka faɗa mana? Ya juya kofin shayinsa ya ce: "Ko ni ne, in da mutum arba'in a bakin ƙofa suna jirana, watakila abin da zan faɗa ke nan." Wannan amsar ta fi damuna fiye da kuskuren kansa, domin ta nuna mini ba jahilci ba ne. Mutum ya san abu, ya yarda da shi, amma bakinsa ya faɗi wani abu dabam.

Ciwon Inna shi ne wanda likitocinmu ke kira BPCO da Faransanci, na Nijeriya da Gana su ce COPD. A Hausa sai dai mu ce toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa. Bututun iska sun kumbura sun ƙuntace, ƙananan jakunkunan huhu sun saki kamar tsohuwar robar wando, iska ta shiga ta ƙi fita duka. Shi ya sa mai ciwon yake jin ƙirjinsa cike alhali yana neman iska: tsohuwar ba ta ba sabuwar wuri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, a wannan shekarar shi ne na huɗu a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda yake kashewa kafin su kai shekara 70 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne. A ƙasashen masu arziki taba ce ke haddasa fiye da kashi 70 cikin 100. A irin namu rabon taba bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba. Babban kaso na sauran yana cikin madafa. A Nijar fiye da gida tara cikin goma da itace, kara, gawayi ko kashin shanu ake girki. Ka haɗa da ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi kowace shekara, da ƙurar dutse da samari ke shaƙa a ramukan zinariya na Komabangu da Jado, da huhun da tibi ya bar wa tabo, za ka ga masu haki a ƙasar nan ba sai sun taɓa riƙe sigari ba.

Abin da ya faru da Inna bayan an ce ta huta sananne ne ga duk mai aikin huhu. Mutum ya yi tafiya, haki ya taso, ya tsorata, ya rage tafiya. Naman cinya da na ƙwauri, da ba sa aiki, suka fara zubewa. Naman da ya yi rauni kuwa saurin gajiya gare shi, ɗan motsi kaɗan sai ya tara tsami, jiki ya nemi ƙarin numfashi don ya wanke shi. To yanzu tafiyar da jiya take kawo haki a taki ɗari, yau a taki hamsin take kawo shi. Ya ƙara tsorata, ya ƙara zama. Huhun bai ƙara lalacewa sosai a wata shidan nan ba, ƙafafun ne suka tafi. Kuma zaman ɗaki na zuwa da nasa kayan: rashin barci, rashin cin abinci, baƙin ciki, barin zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, wanda a wurin tsohuwar Bahaushiya kusan fita ce daga cikin mutane.

Horon numfashi, wanda a asibiti za ka ji ana kira réhabilitation respiratoire, an shirya shi ne don ya katse wannan zagayen. Ba tiyata ba ce, ba allura ba ce. Ana fara da awo: a sa mara lafiya ya yi tafiya ta minti 6 a baranda mai tsawon mita 30, a ƙirga mita nawa ya ci, a maƙala masa ɗan abin awon iskar jini a yatsa, a tambaye shi ƙarfin hakinsa daga 0 zuwa 10. Daga nan sai mako 6 zuwa 8, wani lokaci har 12, aƙalla sau biyu a mako a gaban ma'aikacin lafiya, sauran kwanakin a gida. Tafiya ko tuƙa keke, tashi da zama daga kujera, ɗaga ɗan nauyi da hannu. Ana koya masa fitar da iska a hankali da leɓe a tsuke kamar mai hura koko, da yadda zai jingina gaba ya dafa gwiwa in haki ya taso, da yadda ake fitar da kaki, da yadda ake shaƙar Ventoline, maganin fesawa mai buɗe bututun iska, daidai, don da yawa a harshe suke fesa ta. Ana duba abincinsa, ana taimaka masa barin taba in yana sha, ana koya masa gane alamun tashin ciwon tun kafin ya kwantar da shi. Babban darasin dai guda ne: hakin da motsa jiki ke kawowa, in an auna shi, ba ya ƙara ɓata huhu.

A da can likitocin duniya ma hutu suke rubutawa. Alvan Barach a birnin New York cikin shekarun 1950, da Thomas Petty a Denver cikin shekarun 1960, suna daga cikin waɗanda suka fara tayar da masu wannan ciwo daga gado suna sa su tafiya. Yau gardamar ta mutu. A 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci ne, ta haɗa gwaji 65 da aka yi da mutum kusan 3,800, ta ga horon yana rage haki da gajiya, yana ƙara nisan tafiya, yana gyara jin daɗin rayuwa, har ta rufe babin ta ce babu sauran buƙatar gwada shi da rashinsa. Wani tacewar na 2016 ya nuna wanda aka fara wa horon jim kaɗan bayan an sallame shi daga asibiti ya fi wanda ba a yi wa ba tsira daga komawa gado. Abin lura shi ne awon ƙarfin huhu kansa ba ya wani canzawa. Huhun na nan yadda yake, mai shi ne ke iya yin abu da yawa da ɗan abin da ya rage masa.

To in haka ne, ai sai a ce likitoci na rige-rigen tura mutane. Ko kusa. A Amurka, inda cibiyoyin suke kuma inshora ke biya, wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2020 ya bi tsofaffi fiye da 197,000 da aka kwantar saboda wannan ciwo, ya tarar kashi 1.5 cikin 100 ne kawai suka fara horon cikin kwana 90 da sallama. Waɗanda suka fara ɗin sun fi sauran kaiwa shekara da rai, ko da yake a nan sai an yi hattara, don mai ƙarfin zuwa horo dama yakan fi wanda ya kasa fita lafiya. A Ingila ma an ga ƙasa da mutum ɗaya cikin goma ne ke kammala horon bayan sallama. Kuma duk inda aka zauna da likitoci aka tambaye su, daga Ostireliya zuwa Ingila zuwa Saudiyya, amsar ba ta nisa da juna: sun yarda yana da amfani, amma ba su san ƙofar da za su tura mutum ba, ko takardun sun yi yawa, ko wurin ya yi nisa, ko suna ganin mara lafiyar ba zai je ba. Wato matsalar ba ta talauci kaɗai ba ce. Talauci dai yana ƙara mata nauyi.

A Yamai hujjar farko da za ka ji ita ce: in tura shi ina? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya raina ta bai taɓa zama a kujerar likita ba. Tura mara lafiya aiki ne mai baki biyu, sai da mai karɓa a ɗaya gefen. Sashen kine, wato na gashi da motsa gaɓoɓi, na manyan asibitoci cike yake da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda babur ya karya, da yara masu naƙasa. Ga kuma wani ruɗani da muka gada daga makarantar Faransa: in an ce kine na numfashi, abin da ke zuwa zuciyar mutane da yawa shi ne matsa ƙirjin jariri don a fitar masa da majina. Wannan dabam, horon mako takwas na dattijo mai haki dabam. Sai likita ya rubuta takarda, ma'aikacin kine ya bubbuga bayan tsoho sau uku, kowa ya ɗauka an yi abin da ya kamata.

Amma ni a ganina matsalar ta fara tun kafin nan, a wurin sa wa ciwon suna. Ba a tabbatar da BPCO da hoton ƙirji ko da abin sauraren ƙirji. Sai an sa mutum ya busa cikin na'urar da ake kira sifirometa bayan ya shaƙi maganin buɗe bututu, a ga ko iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ta gaza kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya iya fitarwa. Majo, wato nas mai riƙe da ƙaramar cibiyar lafiya da ake kira CSI, a Keita ko Buza ba shi da wannan na'ura, kuma likitocin huhu ƙalilan ne, mafi yawansu a babban birni, kilomita kusan 550 daga Tawa. Harshenmu ma bai taimaka ba. Asma fuka ce, tibi tarin fuka ne, sauran duk sanyi ne ko tsufa. Mai haki yakan zagaya shekaru ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na tari, in an yi awon kaki ba a ga komai ba a ce alhamdulillahi. Ciwon da ba a kira sunansa ba kuwa, ba a tura shi ko'ina.

Akwai tarihi a bayan wannan. Sunan fannin kansa a ƙasashenmu masu Faransanci, kamar yadda yake a sashen huhu na asibitin Lamorde, pneumo-phtisiologie ne, kuma rabin kalmar na biyu tsohon sunan tibi ne. Likitancin huhu a nan daga yaƙi da tibi ya tsiro, kuɗin masu tallafi ma can suka fi zuba. An yi aiki mai kyau: magani kyauta, wata shida, rajista, bin sawun wanda ya ɓace. Har gajeren tsarin maganin tibi mai taurin kai, Nijar na cikin ƙasashen farko da suka gwada shi tare da gidauniyar Damien. Sai dai littafin rajistar yana ƙarewa ne a kalmar "ya warke". Ƙwayar ta mutu, an rufe fayil. Mutumin ya koma gida da huhu mai tabo, ba ya iya noma kadada ɗaya, ba ya iya komawa ci-rani Abijan, kuma a takarda lafiyayye ne. Masana sun ƙiyasta mutum miliyan 155 da suka taɓa yin tibi suna raye a duniya a 2020, kuma har kusan rabin waɗanda suka warke na iya saura da matsalar huhu. Sai a 2019 aka yi taron duniya na farko kan wannan a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu. Likitan da aka horar ya nemi ƙwaya ya kashe, ba abin mamaki ba ne in ya ga aikinsa ya ƙare ranar da awon kaki ya fito fes.

Sai lokaci. A ƙasar da likita ɗaya ke ɗauke da mutum fiye da dubu goma, rubuta ordonansi minti ɗaya ne, shawo kan tsohuwa mai haki cewa tafiya ce maganinta kuwa minti ashirin ne, kuma ba da ita kaɗai za a yi ba, har da ɗanta da ya biya kuɗin mota. Mu ma masu jinya muna da laifinmu. Wanda ya taso daga Madawa ko Illela, ya sayar da akuya, ya kwana a tasha, in likita ya ce masa "ka riƙa tafiya" sai ya ga an raina masa hankali. Allura muke so, ƙarin ruwa muke so, abin da za a riƙe a hannu a nuna a gida. Likita ya san haka. Ya san in bai rubuta komai ba za a wuce wurin mai sayar da magani a faranti, ko a ce wannan likitan bai iya aiki ba.

Hujjar da ta fi ba ni haushi ita ce "ba zai je ba". Sau da yawa gaskiya ce. Zuwa sau biyu a mako har wata biyu daga Talladje ko Harobanda kuɗin taksi ne sau goma sha shida, zuwa da dawowa, na mutum biyu, don mai haki ba ya fita shi kaɗai. Ga ɗan rakiyar da zai bar sana'arsa. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Ga kunya: dattijuwa ta yi ta tashi da zama a gaban maza, wasunsu sa'o'in surukanta. Duk wannan haka ne. Amma a lura da abin da ya faru: likita ya yi wa mara lafiya hukunci a zuciyarsa, bai ko gaya masa akwai abin ba. Mutumin da zai sayar da gona don a yi wa uwarsa tiyata, ko ya kai ta Damagaram ko Sakkwato neman magani, wa ya ce ba zai nemo kuɗin taksi ba in ya fahimci abin da za a samu? Binciken da aka yi da marasa lafiya a wasu ƙasashe ya nuna yadda likita ya gabatar da maganar na da tasiri sosai a kan ko za su je. In ya faɗe ta yana rufe fayil, kamar wanda ke cewa a gaida gida, haka za a ɗauke ta.

Tsoro kuma na nan, kuma wannan ina girmama shi. Mai BPCO sau da yawa yana da hawan jini ko ciwon zuciya a ɓoye, kuma haki alamar su biyun ce. Likitan da ba shi da awon zuciya kusa, ba shi da tukunyar oksijan, in ya sa tsoho tafiya ya faɗi, da wane ido zai kalli dangi? Akwai waɗanda lalle bai kamata a sa su ba sai an daidaita su: mai ciwon ƙirji na zuciya da bai lafa ba, wanda bai daɗe da bugun zuciya ba, mai tibi da har yanzu yake yaɗawa, wanda iskar jininsa ke faɗuwa ƙasa da 88 da ɗan motsi. Sai dai waɗannan tacewa suke buƙata. Hana kowa saboda su kamar hana yara duka zuwa makaranta ne don wani ya taɓa faɗuwa a hanya. Hutu yana kama da zaɓin da ba shi da haɗari ne kawai saboda ɓarnarsa a hankali take zuwa, a gida, inda likita ba ya gani, kuma in ta zo sai a ce ciwon ne ya ci gaba.

Akwai abin da ba a faɗa da baki. Ciwon da ba ya warkewa yana kashe wa likita gwiwa. Zazzaɓin cizon sauro ka ba da magani, kwana uku yaro na gudu a tsakar gida, uwa na sa maka albarka. Mai BPCO kuwa zai dawo, ya sake dawowa, kullum da ƙasa da abin da ya zo da shi bara. In mai shan taba ne har da ɗan zargi a ciki: shi ya ja wa kansa. Kuma maganin da ya fi amfani a nan ba a hannun likita yake ba, yana hannun ma'aikacin kine ko nas, waɗanda a tsarin asibitocinmu ba a cika zama da su a teburi ɗaya ana shawara ba.

Abin da ya sa ban yarda "babu cibiya" ta zama ƙarshen magana ba shi ne an gwada a wuraren da ba su fi mu komai ba. A Uganda, inda wani bincike a gundumar Masindi ya samu BPCO a jikin kashi 16 cikin 100 na ƴan sama da shekara 30, da yawansu mata da ba su taɓa shan taba ba, an shirya horon mako shida a asibitin Mulago na Kampala ga waɗanda tibi ya bar wa tabo, da kayan aiki marasa tsada, kuma tafiyarsu da jin daɗinsu sun ƙaru. A Ostireliya wani gwaji da aka buga a 2017 ya kwatanta horon cibiya da na gida, inda ma'aikaci ke zuwa gidan sau ɗaya sannan ya riƙa kira ta waya sau ɗaya a mako har mako bakwai, aka ga sakamakon farko bai bambanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, bayan ƙudurin da babban taronta ya zartar a Mayun 2023 kan shigar da aikin farfaɗo da marasa lafiya cikin tsarin kiwon lafiya, ta sa wannan ciwo cikin jerin waɗanda ya kamata a yi wa hakan. In ka tuɓe wa horon kayan adonsa, abin da ya rage baranda ce, kujera, agogo, abin awon yatsa, goran ruwa na lita ɗaya da rabi a madadin ƙarfen ɗagawa, da mutum ɗaya da aka horar aka kuma ba shi lokaci. Na ƙarshen nan ne mai tsada. Amma CSI da ke iya ware ranar awon ciki da ranar rigakafi, ba gagara ba ne ta ware safiya biyu ga masu haki, mata ranarsu, maza ranarsu, da sanyin safiya kafin rana ta ɗaga.

Ko kafin a kai can, akwai abin da ke hannun likita yau, kuma ba ya cin ko dala. Tambaya ce. Takardun Turawa na tambayar hawa bene nawa mutum ke yi kafin ya tsaya, alhali yawancin majinyatanmu ba su da bene. Ma'auninmu na nan a rayuwarmu: Baba, har yanzu kana zuwa masallacin unguwa da ƙafa, ko ka koma yi a gida? Sau nawa kake tsayawa a hanya? Inna, tun yaushe kika fara salla a zaune? Kina iya wanka ba a kama miki ba? Amsar waɗannan ta fi hoton ƙirji faɗin inda mutum yake, kuma ita ce za ta ba shi dalilin wahalar da kansa. Ba wanda zai yi mako takwas yana haki don ya ƙara mita 30 a baranda, ko da yake a wurin masana wannan ne ƙarin da ake ɗauka mai ma'ana. Don ya koma sahun Juma'a da ƙafarsa kuwa, zai yi.

Kada dai in yi wa abin kwalliyar da ta wuce kima. Amfanin horon yana zubewa cikin shekara guda in mutum ya daina motsi. Ba ya maye gurbin maganin shaƙa, wanda shi ma ba kullum ake samunsa ko iya sayensa ba. Kuma matar da ta gama horo ta koma ɗakin girki marar taga, hayaƙin na nan yana jiranta. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya yawaita a birane, amma a ƙauye murhu uku ne har gobe.

Inna dai abokin nan nawa ne ya zo gida da kansa wata Asabar. Ya auna jininta, ya saurari zuciyarta, ya maƙala mata abin yatsa ya sa ta zagaya tsakar gida yana biye da ita. Ta tsaya a zagaye na uku ta dafa bango ta ce: "Ɗana, kashe ni za ka yi?" Ya ce: "Inna, tsuke bakinki ki hura kamar koko ya yi zafi. In ya lafa mu ƙara ɗaya." Ya gyara mata yadda take shaƙar magani, ya rubuta wa jikarta abin da za a yi kowace safiya bayan asuba a bayan wani tsohon littafin makaranta, da alamun da in an gani a tsaya a kira shi. Faɗan da aka sha ba da ita aka yi ba, da mu ne: sai da aka hana yara tsalle su karɓe mata buta. Da carbinta take ƙirga zagayen. Ta kai goma sha biyu kafin ƙarshen damina, ta koma yin raka'o'in asuba a tsaye, sauran sallolin wata rana a tsaye wata rana a zaune. Da hunturu ya shigo a Disamba ciwon ya tashi, ta yi mako biyu a kwance, ƙirgen ya koma huɗu. Jikar ta buɗe sabon shafi ta rubuta 4 a sama, da kwanan wata.